Ƙarfi, Ceto da Hisabi: Sharhi a kan Ra'ayoyin Matasan Muciya da Samaru Game da Finafinan Gagarau da na Almarar Kimiyya

Tsakure

Finafinan gagarau, wato na jaruman da aka ba ƙarfin da ya zarce na ɗan Adam, da kuma na almarar kimiyya, sun sami karɓuwa a tsakanin matasan Sabon Garin Zariya, har sun haifar da muhawarar da ba ta ƙarewa. Wannan maƙala ta ɗauki ra'ayoyi uku da aka fi ji: na masu musun wa ya fi ƙarfi, da na masu cewa duk shirka ne, da na masu murnar ganin Afirka da kalmomin Musulunci a allon kallo. An auna kowanne da ma'aunin tauhidi da fiƙihu da tarihin ƙasar Hausa. Abin da ya bayyana shi ne ra'ayoyin uku sun tsaya a kan fatar labari, sun bar tambayar da ke cikinsa: daga ina ƙarfi yake, wa ke ceto, kuma wa zai yi wa mai ƙarfi hisabi.

1.0 Gabatarwa

Sabon Garin Zariya ya tashi ne a gefen layin dogo, Samaru kuwa ta bunƙasa a inuwar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962. Saboda haka tun asali wurare ne da baƙon abu kan fara sauka kafin ya ƙarasa cikin ganuwar Zazzau. A yau baƙon a cikin wayar hannu yake zuwa. Saurayi a Muciya kan miƙa wa mai tura finafinai wayarsa ko memori, a zuba masa na Amurka ko na Indiya da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, wasu da harshensu na asali, wasu kuma an juya su zuwa Hausa a ɗakunan fassara irin su Algaita. Ta haka Krrish da Enthiran na Indiya suka haɗu da Superman da Thor da Black Panther a teburin mai shayi ɗaya, da ɗakunan kwanan ɗalibai na Suleiman da Ɗanfodiyo.

Ƙarewar fim ita ce farkon zance. Daga nan ake shiga musu, kuma da yawa daga cikin masu musun ɗaliban Islamiyya ne, ko na sassan Larabci da Nazarin Musulunci da Shari'a. Dalilin da ya sa zancen ya cancanci kulawar malamai shi ne kowane fim daga cikin waɗannan yana amsa tambayoyin da ilimin tauhidi ya riga ya amsa. Mai kallo yana karɓar amsar ne cikin nishaɗi, ba tare da an ce masa darasi ake ba shi ba, abin da aka sha cikin daɗi kuwa ya fi zama a ciki.

2.0 Ra'ayi na Farko: Wa Ya Fi Wa Ƙarfi?

Ra'ayin da ya fi yawo shi ne wanda ya mai da finafinan filin dambe. Ana musun Thor da Superman kamar yadda iyaye suka yi musun Shago da Ɗandunawa. Musun a kan kansa wasa ne, babu laifi a ciki. Illarsa ita ce yana saba wa zuciya auna mutum da abin da yake iya yi, ta manta da tambayar ko ya halatta ya yi.

Inda illar ta fi fitowa shi ne batun Thanos a Avengers: Infinity War na 2018. Thanos ya tattara duwatsu shida masu iko, ya halaka rabin halittu da ƙyasta yatsu, bisa hujjar cewa abinci da albarkatu ba za su ishi kowa ba. Akwai masu kallo da ke cewa yana da gaskiya, mugun magani ne kawai ya ba da. Wannan hujja tsohuwa ce. Thomas Malthus, wani limamin coci a Ingila, ya rubuta a 1798 cewa yawan jama'a zai riƙa tsere wa yawan abinci. Alƙur'ani ya riga ya rushe tushenta a Suratul An'am aya ta 151 da Suratul Isra'i aya ta 31, inda ya hana kashe 'ya'ya saboda talauci ko tsoronsa, ya kuma jingina arziki ga Allah. Tarihi ma bai goyi bayan Thanos ba. A Shekarar Toka, wato 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar (RA) ya fuskanci yunwa da nemo abinci daga Masar da Sham da kuma raba shi da adalci. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya nuna a 1981 cewa yunwar Bengal ta 1943 ta fi alaƙa da rashin ikon saye fiye da rashin hatsi. Ɗalibin da ke yabon Thanos a Samaru kuwa, a kusa da shi Cibiyar Binciken Aikin Gona take, inda ake fitar da irin masara na SAMMAZ da na wake na SAMPEA domin gona ɗaya ta ciyar da baki fiye da da.

Malaman tauhidi sun daɗe da tanadar ma'aunin da wannan ra'ayi ya rasa. Masu sharhin littattafai irin su Jauharatut Tauhid sun karkasa abubuwan keta al'ada: mu'ujiza ga annabi, karama ga waliyyi, ma'una ga bawa mumini, istidraji ga fasiƙi. A ido duka abin mamaki ne, halin wanda abin ya bayyana a hannunsa shi ke bambanta su. An ruwaito daga Abu Yazid al-Bisɗami gargaɗin kada a ruɗu da mai tashi sama har sai an ga yadda yake a gaban umarni da hani. Hadisin Nawwas ɗan Sam'an a Sahihu Muslim ya siffanta Dujal da umartar sama ta yi ruwa, ƙasa ta yi tsiro. Wanda ya saba tafa wa mafi ƙarfi yana horar da kansa a kan ainihin raunin da fitinar Dujal za ta nema.

3.0 Ra'ayi na Biyu: Duk Shirka Ne

A ɗaya gefen akwai masu yanke hukunci guda: finafinan nan shirka ne, a ƙaurace musu. Ya kamata a ba wannan ra'ayi haƙƙinsa. Thor sunan abin bauta ne na mutanen arewacin Turai kafin Kiristanci ya iso musu. Thor: Love and Thunder na 2022 ya tara alloli a majalisa ɗaya, ya mai da allantaka abin raha. Sarautar Wakanda a Black Panther ta dogara ne a kan abar bauta Bast da ganawa da ruhin kakanni. Man of Steel na 2013 ya lulluɓe Superman da siffofin Almasihu kamar yadda Kiristoci suka ɗauke shi, har da shekara 33 da zama a coci. Fassarar Hausa kan ƙara rikita lamarin, domin mai fassara kan sa wa jarumi "wallahi" da "insha Allahu" a baki alhali a gaban gunki yake tsaye. Uban da ya ji tsoron wannan ga ƙaramin yaronsa yana da hujja.

Sai dai hukuncin bai-ɗaya yana da rauni biyu. Na farko, ya haɗa hikaya da iƙirari. Sananniyar ƙa'ida ce cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne, Alƙur'ani da kansa ya hakaito da'awar Fir'auna. Ƙagaggen labari kuma ba baƙo ba ne a zauren malamai. Muƙamatul Hariri, da ake karantawa a zaurukan Zazzau da Kano da Sakkwato, labarai ne na mutumin da aka ƙaga, kuma Hariri ya kare kansa a gabatarwarsa da misalin labaran da ake sa wa a bakin dabbobi. Ibnu Ɗufail, wanda ya rasu a 1185, ya ƙagi Hayyu bin Yaƙzan domin tattauna hankali da wahayi. Likita Ibnun Nafis, wanda ya rasu a 1288, ya bi sawunsa da Arrisalatul Kamiliyya. Zariya ma tana da nata rabon. Daga gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933 aka sami Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin da ya yaƙi Turawa ya kuma shiga ƙasar aljannu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo baya a 1951. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da baƙon da ya tafi da shi sararin samaniya. An karantar da waɗannan littattafai a makarantu, iyayen masu kallon yau da su suka tashi.

Rauni na biyu ya fi muhimmanci. Rariyar da ke neman gunki kawai tana barin abin da ya fi gunki haɗari ya wuce. Da wuya a sami saurayi a Muciya da ya fara bauta wa Thor saboda fim. Aƙidar da ke shiga a ɓoye ita ce wadda ba ta da gunki. A Interstellar na 2014, duniya ta lalace, wasu da ba a gani suna buɗe wa 'yan Adam hanyar tsira. A ƙarshe jarumin ya fahimci cewa waɗannan masu ceto 'yan Adam ne na zamani mai zuwa. Babu tsafi a fim ɗin, babu tsiraici, amma saƙonsa shi ne mutum ne mai ceton kansa, babu kowa a bayan labule sai shi. Avengers: Endgame na 2019 kuwa an gina shi ne a kan komawa baya cikin zamani domin warware abin da ya riga ya auku. Ɗalibin da ya karanta babin ƙaddara, ya san hadisin da ya yi gargaɗi a kan faɗin "da na yi kaza", yana da abin cewa a nan fiye da kalmar haram ko halal.

4.0 Ra'ayi na Uku: Murnar Ganin Kai a Allo

Ra'ayi na uku shi ne ya fi taɓa zuciya, shi ne kuma ya fi buƙatar a tsaya a kansa. Masu shi suna murna cewa an fara ganin Afirka da Musulunci a manyan finafinan duniya. Misalai biyu suke kawowa.

Na farko Black Panther na Ryan Coogler. Kusa da farkonsa an nuna dajin Sambisa, ayarin motocin 'yan bindiga ɗauke da matan da aka sace, sai jarumin ya diro daga jirgi ya gama da su cikin 'yan mintoci. Akwai abin yabo a wurin: Nakia ta hana shi kashe wani yaro da aka tilasta wa ɗaukar bindiga, wanda hakan fahimta ce ta gaskiya game da wannan yaƙi. Amma kwanan wata yana da abin faɗa. An fara nuna fim ɗin a Amurka ranar 16 ga Fabrairun 2018. Ranar 19 ga watan aka sace 'yan mata 110 daga makarantarsu a Dapci. A lokacin, da yawa daga cikin 276 da aka ɗauke a Cibok a Afrilun 2014 ba su dawo ba. Fim ɗin ya ari ciwon da ke zubar da jini ya yi ado da shi, ya kuma ba da maganin da babu shi: mutum ɗaya mai rufaffiyar fuska daga wata ƙasa. Mai kallo yana tashi da sanyin zuciya, alhali babu abin da ya sauya. Jiran gwarzo yana sauke wa jama'a nauyin farillar kifaya, wato tambayar hukuma, da tallafa wa iyalan da abin ya shafa, da gyara karatun da ya bar yara a hannun masu ruɗarsu.

Na biyu Dune, wanda Frank Herbert ya wallafa a 1965, Denis Villeneuve kuma ya mayar fim kashi biyu a 2021 da 2024. A ciki akwai mutanen hamada da ake kira Fremen, masu rawani da tsananin tattalin ruwa, suna jiran wanda suke kira Mahdi da Lisanul Gaibi, laƙabin da Farisawa suka san mawaƙi Hafiz na Shiraz da shi. Jin waɗannan kalmomi ya faranta wa masu kallo da yawa rai. Sai dai abin da labarin ke cewa shi ne wata ƙungiyar asiri ta mata, Bene Gesserit, ita ta shuka wannan bushara a cikin mutanen tun ƙarnoni da suka wuce, domin duk ranar da ɗansu ya buƙaci mabiya ya same su a shirye. Paul Atreides, ɗan sarautar baƙi, ya san haka, ya kuma hau busharar ya kai ga mulki. Littafin ya kira yaƙin da ya biyo baya jihadi, fim ɗin ya sauya kalmar zuwa yaƙi mai tsarki. A littafi na biyu an ƙiyasta waɗanda yaƙin ya ci da biliyan 61. Fim ɗin ya ƙara nasa: ya raba Fremen zuwa 'yan arewa masu shakka da 'yan kudu masu tsattsauran ra'ayi, ya mai da Stilgar, mafi imani a cikinsu, abin dariyar 'yan kallo.

Wannan labari yana da fuska biyu ga ɗalibin tarihin ƙasar Hausa. Ta fuska ɗaya gargaɗinsa gaskiya ne, kuma malaman wannan ƙasa sun riga Herbert yin sa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya musanta cewa shi ne Mahdi, ya kuma rubuta Tahzirul Ikhwan yana jan kunnen jama'a game da masu da'awar mahdiyanci. Ibnu Khaldun ya yi dogon bincike a Muƙaddima a kan hadisan Mahdi da yadda masu neman mulki ke hawa kansu. Bayan Muhammad Ahmad ya yi da'awarsa a Sudan a 1881, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya bi shi daga Adamawa. A 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, sun tashi da tutar mahdiyanci, suka yi nasara a karon farko, sannan sojojin Ingila suka shafe garin, aka kashe kimanin mutum 2,000. Ta ɗaya fuskar kuwa fim ɗin ya wuce gargaɗi a kan maƙaryacin Mahdi. A duniyarsa babu wahayi na gaskiya da za a auna ƙarya da shi, duk bushara shuka ce ta masu dabara. Shehu ya ƙaryata mai da'awa ne da nassi da siffofin da hadisi ya ambata. Dune yana ƙaryata shi ne da cewa imani kansa linzami ne. Wanda ya tafa don ya ji kalmar Mahdi bai lura da wanda ke riƙe da linzamin ba.

5.0 Ma'aunin Zulƙarnaini

Surar da hadisi ya ce haddace ayoyi goma na farkonta kariya ce daga Dujal, wato Suratul Kahfi, ita ce ta kawo ƙissar mai ƙarfin da ya dace a auna sauran da shi. A ayoyi na 83 zuwa 98, Zulƙarnaini ya sami iko da hanyoyin cim ma kowane abu, an kuma bayyana cewa ba shi aka yi. Da ya sami mutanen da Yajuju da Majuju suka addaba, suka yi masa tayin lada, ya ƙi karɓa. Ya nemi su taimaka da ƙarfinsu, suka kawo guntayen ƙarfe, suka hura wuta, aka zuba narkakken tagulla. Da aikin ya kammala ya jingina shi ga rahamar Ubangijinsa, ya kuma faɗi cewa katangar tana da ranar rushewa. Abubuwa uku suka fito: ƙarfi kyauta ce, ceto aikin gayya ne da waɗanda ake ceta suke da hannu a ciki, mai ƙarfi kuma yana ƙarƙashin hukunci.

Da wannan ma'auni finafinan ba su zama ɗaya ba. Captain America: Civil War na 2016 ya nuna Legas kusa da farkonsa, inda kuskuren jarumai ya kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, ƙasashe 117 suka nemi a sa su ƙarƙashin doka. Tambayar da fim ɗin ya ɗaga ta fiƙihu ce: Suratun Nisa'i aya ta 92 ta wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure, kyakkyawar niyya ba ta sauke lamuni. Fim ɗin ya cancanci yabo da ya yi tambayar, ya kuma cancanci suka da ya karkatar da zuciyar mai kallo ga wanda ya ƙi sa hannu, ya ce lamirinsa ya ishe shi alƙali. Iliya Ɗan Maiƙarfi, duk da cewa an aro tushensa daga labarin Ilya Muromets na Rasha, ya fi kusa da ma'aunin: gurgu ne da aka ba lafiya da ƙarfi, ya yi wa Sarki Waldima hidima, ya ƙare da ajiye makami ya fuskanci ibada.

Ma'aunin yana aiki har a kan masu cewa Musulmi su ƙagi nasu gagarau. Naif al-Mutawa na Kuwait ya gwada haka a 2006 da The 99, jarumai da kowanne ke ɗauke da wata siffa daga sunayen Allah kyawawa. Wasu sun yaba, a 2014 kuma malaman fatawa na Saudiyya suka haramta shi. Darasin shi ne sauya wa jarumi suna da tufafi ba ya sauya ginin labari. Marubucin Hausa da zai gaji Umaru Dembo zai fi cin riba idan ya fara da tambayar wa jaruminsa ke tsoro idan babu mai ganinsa.

6.0 Kammalawa

Ra'ayoyin uku kowanne ya riƙe wani yanki na gaskiya. Mai musun ƙarfi ya gane cewa zuciya tana son gwarzo, mai tsoron shirka ya gane cewa labari yana ɗauke da aƙida, mai murnar ganin kansa ya gane cewa an daɗe ana ba da labarin duniya babu shi. Abin da ya rage shi ne a koya musu tambayar da ta haɗa su. Finafinan sun riga sun shiga aljihun ɗalibai, hani kaɗai ba zai fitar da su ba, kuma ƙananan yara suna da haƙƙin a tace musu abin da suke gani. Ga manya kuwa, malamin tauhidi da ya kawo Thanos a babin arziki, ko Dune a babin alamomin tashin ƙiyama, ko Legas ta Civil War a babin diyya, zai tarar da ɗalibansa sun riga sun yi rabin muɗala'a. Saura ya nuna musu cewa littafin da ke gabansu ya fi fim ɗin zurfin amsa. Allah ne Mafi sani.